Kwalbar Yashi

Saura mako uku tifar farko ta hau Gangare,
ba wanda ya taɓa shebur.
Muna zaune a ajin firamare na aro,
sanyi na kurɗowa ta tagar da ba murfi,
ni, da Davou magini, da Tsalha ɗan kwangila,
da farar takarda, ko ɗigo babu.

Na ce, kafin mu gina gada, mu san mece ce gada.
Tsalha ya dubi agogo:
"Injiniya Kubura, gada ai gada ce,
a taka nan, a sauka can."
Na ce, wa zai taka? A wane wata?
Mai keke da buhun dankali shida?
Yaran Islamiyya da ke tahowa a dunƙule?
Ko ruwan Agusta, wanda ba ya sallama,
mai gangarowa daga duwatsu da katifa da akuya?

Muka je wajen Iya Talle mai ƙosai.
Shekara talatin rafin nan yana maƙwabtaka da kaskonta.
Ba ta san milimita ba.
Ta ja mu bayan ɗaki, ta miƙa yatsa
kan zanen laka da ya wuce kallabina:
"Nan ya kawo, shekarar da aka haifi autana."
Daga yatsanta na fara awo,
na ƙara taƙi biyu
saboda ruwan da ba ta gani ba tukuna.

Sannan muka cika takarda.
Yashi daga ina, wa zai duba shi a bakin titi.
Kwanon tsakuwa nawa ga buhun siminti.
Kaurin rodi, da tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa.
Kwana nawa kankare zai sha ruwa, safe da yamma,
kamar majinyaci.
Sai layin ƙarshe, wanda ya ci mu har la'asar:
wa ke da ikon cewa "a tsaya"
ba sai an buga waya Abuja ba?
Davou ya ce a sa sunansa.
Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya."
Tsalha ya sa hannu, alƙalami na yi masa nauyi.

Ran Litinin tifa ta iso tana nishi.
Davou ya ɗebi yashi a tsohuwar kwalbar lemo,
ya zuba ruwa, ya girgiza, ya ajiye kan bulo.
Leburori suka tsaya, direba yana tsaki.
Yashi ya kwanta.
A kansa laka ta sauko a hankali,
yatsa ɗaya, yatsa biyu.
Takarda ta ce rabin yatsa.

"Wa zai gani?" in ji Tsalha, murya ƙasa-ƙasa.
"Siminti zai rufe."
Davou bai ce uffan ba.
Ya nuna rafi da haɓa,
ya nuna sa hannun da bai gama bushewa ba.
Tifa ta juya da kayanta.
Kwana biyu suka tafi, da kuɗin mai,
da gaisuwar Tsalha har tsawon mako.

Ban ce komai ya tafi daidai ba.
Katako ya karkace a kusurwar gabas,
muka fasa, muka sake, na yi kuka a mota.
Amma mun san karkace ne
domin tun farko mun rubuta yadda miƙewa take.

Agusta ya zo da halinsa.
Na tsaya ƙarƙashin rumfar Iya, takalmina a hannu,
ruwa na dukan ƙafafun gada, ja wur, yana kumfa.
Yara suka fito daga makaranta,
suka haye suna musun ƙwallo.
Ko ɗaya bai dubi ƙasa ba.

Kwalbar tana kan teburina har yau.
Wani lokaci baƙo yakan ɗauka ya girgiza,
ya tambaye ni ko magani ce.
Nakan ce ya ajiye, ya ɗan jira.